Garuruwan da Titi ba ya Zuwa: Yadda Ake Rayuwa a Nunavut ta Arewacin Kanada

Duk wanda yake zaune a ɗaya daga cikin ƙananan garuruwan Nunavut, in yana son mota, ko katakon gini, ko fulawa da sukarin da za su kai iyalinsa shekara, tun watan Maris ko Afrilu yake zaunawa ya yi lissafi. Jiragen ruwan da ke kawo irin waɗannan kaya daga tashoshin da ke kusa da Montreal suke tasowa, kuma ba sa iya ratsa tekun sai ƙanƙara ta saki, wato daga wajen ƙarshen Yuni zuwa Oktoba. Garuruwan da suka fi nisa sau ɗaya tak suke ganin jirgin kaya a shekara. Wanda kayansa suka makara, ko dai ya biya kuɗin jirgin sama, inda kowane kilo da farashinsa, ko ya haƙura sai baɗi. Galibin garuruwan ma ba su da wurin da jirgi zai jingina. Can cikin ruwa yake tsayawa, a riƙa jido da manyan kwale-kwale zuwa gaɓa. Ko Iqaluit, babban birnin yankin, sai a 2023 ya samu tashar da babban jirgi zai iya matsowa bakinta.

Faɗin Nunavut ya kai murabba'in kilomita miliyan 2, kusan girman Najeriya da Nijar in an haɗa su. Amma ƙidayar 2021 mutum 36,858 ta samu a cikinsa, wajen kashi 85 cikin ɗari 'yan ƙabilar Inuit ne. A garuruwa 25 suke warwatse, kuma babu titin mota ko ɗaya da ya haɗa wani gari da wani, balle ya haɗa su da kudancin Kanada. Babu layin lantarki na ƙasa. Kowane gari da nasa injin, yana shan man dizal ɗin da jirgin ruwa ya kawo. Da wutar gobara ta cinye injin garin Pangnirtung a Afrilun 2015, sai da aka ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe marasa lafiya da jirgin sama, mutane suka taru a makaranta don su ji ɗumi. A ƙasar da sanyin Janairu kan wuce digiri 25 ƙasa da sifili, ɗaukewar wuta magana ce ta rai.

Garuruwan da gwamnati ta kafa

Baƙo kan ɗauka waɗannan garuruwa tun kaka da kakanni suke. Ba haka ba ne. Har yanzu akwai dattawan da aka haifa a tanti ko a ɗakin dusar ƙanƙara, lokacin da Inuit ke zaune cikin ƙananan zangon iyali, suna tashi daga wuri zuwa wuri gwargwadon inda dabba take. Abin da ke wuraren da suka zama garuruwa a yau bai wuce kantin Kamfanin Hudson's Bay, da ɗakin 'yan mishan, da ofishin 'yan sanda ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, musamman shekarun 1950 da 1960, gwamnatin tarayya da ke Ottawa ta ga ya fi mata sauƙi ta tara mutane inda za ta iya ƙirga su, ta yi musu allura, ta sa 'ya'yansu a makaranta. Aka yi amfani da kuɗin tallafin yara wajen matsa wa iyaye: in ba a kawo yaro makaranta ba, kuɗi ya tsaya. Da yake sunayen Inuit sun yi wa ma'aikata wuyar rubutawa, sai aka ba kowane mutum ɗan faifai mai lamba ya rataya a wuya, aka ci gaba da kiran mutane da lamba a takardun gwamnati har zuwa wajen 1970.

Sai kuma maganar karnuka. Karnukan da ke jan keken ƙanƙara su ne abin hawan mafarauci, su ne jarinsa. Tsakanin shekarun 1950 da 1970 an harbe dubbansu, da yawa a hannun 'yan sanda, bisa dokar hana sakin kare a cikin gari. Hukumar bincike da Inuit na yankin Qikiqtani suka kafa da kansu ta saurari ɗaruruwan shaidu daga 2007 zuwa 2010, kuma a 2019 gwamnatin tarayya ta nemi gafara. Mutumin da aka kashe wa karnuka ba shi da hanyar komawa daji. Ya zauna a gari ke nan, yana kallon kanti.

Labarin da ya fi kowane ɗaci shi ne na Grise Fiord da Resolute. A 1953, sannan a 1955, gwamnati ta ɗebi iyalai daga Inukjuak a arewacin Quebec, da wasu daga Pond Inlet, mutum kusan 90 gaba ɗaya, ta kai su tsibiran da ke can ƙuryar arewa, tafiyar kusan kilomita 2,000. An ce musu akwai dabbobi birjik, an kuma yi musu alkawarin wanda bai ji daɗi ba za a mayar da shi bayan shekara biyu. Sai a cikin jirgi suka ji cewa raba su za a yi. Suka tarar da ƙasar da rana ke ɓacewa ɗungurungum daga ƙarshen Oktoba har zuwa Fabrairu, abin da mutanen Inukjuak ba su taɓa gani a garinsu ba, suka yi sanyin farko a cikin tanti. Alkawarin komawa kuwa ba a cika shi ba. Waɗanda abin ya shafa sun daɗe suna cewa an dasa su ne don Kanada ta nuna wa duniya tsibiran nata ne. A 1996 aka ware musu asusun dala miliyan 10, neman gafara kuwa sai a Agustan 2010. Grise Fiord na nan har yau, da mutum 144 a ƙidayar 2021, shi ne garin farar hula mafi nisa a arewacin Kanada.

Wanda bai riƙe wannan tarihi ba, zai ji koken mutanen Nunavut ya ce ai su suka zaɓi zama a inda ba a zama. Su kuwa sun iya zama a ƙasar tun shekaru aru-aru. Abin da yake sabo shi ne zama wuri guda, a gidan katako, da ciki rataye a wuyan jirgin da ke tasowa daga kudu.

Kanti da mafarauci

A 2012 wata uwa a Iqaluit, Leesee Papatsie, ta buɗe dandali a Facebook inda mutane ke ɗora hoton farashin kaya a kantunan garuruwansu. Hoton kabeji guda na dala 28 ya zagaye Kanada. A Yunin shekarar mutane suka fito da kwalaye a ƙofar kantuna, abin da ba a saba gani ba a al'ummar da ke ƙyamar fito-na-fito. Tun kafin nan, binciken lafiyar Inuit na 2007 zuwa 2008 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na gidajen Inuit a Nunavut ba su da tabbacin abinci. Wannan fa a cikin ɗaya daga ƙasashen da suka fi arziki a duniya.

A yawancin garuruwa kanti biyu ne: na Kamfanin North West, wanda ya gaji kantunan Hudson's Bay na da, da na ƙungiyar gama-kai ta mutanen gari. Tun Afrilun 2011 gwamnati ke biyan tallafi kan kuɗin jigilar madara, ƙwai, kayan lambu da makamantansu, a shirin da ake kira Nutrition North. Sai dai kuɗin hannun mai kanti yake shiga, shi ake sa ran zai rage farashi. A 2014 Babban Mai Binciken Kuɗi na Kanada ya ce ma'aikatar da ke kula da shirin ba ta tabbatar da cewa tallafin na isa ga mai saye cikakke ba. An yi gyare-gyare bayan haka, har ana buga adadin ragin a jikin rasit, amma zargin bai mutu ba, kuma da wuya ya mutu a garin da ba ka da kanti na uku da za ka je ka gwada farashi.

A ganina babban kuskuren shirin tun farko shi ne ya ɗauka abinci a kanti kawai yake. Abincin da Inuit ke kira nasu a ruwa da tudu yake: sil, dabbar teku mai kitse wadda ke leƙo da kai ta ramin ƙanƙara don ta shaƙi iska, karibu, wata irin barewa mai rassan ƙaho, jan kifin da ake kamawa a bakin koguna, da fatar narwal, dabbar teku mai dogon haure guda, wadda ake ci ɗanya da kitsenta. Ga gina jiki, ga shi ba ya buƙatar jirgi. Amma farauta a yau sai da babur ɗin ƙanƙara, da fetur, da harsashi, da kwale-kwale mai inji, duk a farashin arewa. Mai albashi yana da kuɗin kayan amma ba shi da lokaci. Mai lokaci ba shi da kuɗin. Shi ya sa a gida ɗaya za ka ga ma'aikaciyar ofis ce ke sayen mai, ƙaninta ke fita daji, naman kuma ya zagaye dangi. Sai daga baya gwamnati ta ƙara wani kaso na tallafi don mafarauta, kuma har yanzu bai kama ƙafar wanda ke zuwa kantuna ba.

Da can fatar sil ce ke biyan kuɗin mai. A 1983 ƙasashen Turai suka hana shigo da fatar jariran sil bayan gangamin masu kare dabbobi. Inuit ba irin wannan farautar suke yi ba, amma kasuwar fata gaba ɗaya ta rushe, ta rushe da su. A 2009 Tarayyar Turai ta sake yin wata dokar da ta fi faɗi, wadda a takarda ta keɓe Inuit, a kasuwa kuwa ba wanda ya tsaya tantance fata. Wannan shi ne abin da Alethea Arnaquq-Baril ta bibiya a fim ɗinta Angry Inuk na 2016. Karibu kuma a tsibirin Baffin sun yi ƙaranci har ƙidayar 2014 ta samu ƙasa da 5,000, aka dakatar da farautarsu a farkon 2015, daga baya aka buɗe da ƙayyadadden adadi. Ƙanƙarar teku da ake bi a kai ita ma ta daina riƙe alkawari: tana makara wajen daskarewa, tana saurin narkewa, hanyar da dattijo ya sani tun yana yaro yanzu sai an auna kaurinta da na'ura.

Ɗaki, tari da ruwa

Gina gida a Nunavut aiki ne mai tsada. Ƙasar a daskare take har can ƙasa, in ɗumin gida ya taɓa ta sai ta narke ginin ya karkace, don haka a kan ginshiƙan ƙarfe ake ɗora gidaje. Kowane ƙusa jirgi ne ya kawo shi, lokacin aiki kuma 'yan watanni ne. Galibin mutane a gidajen gwamnati suke haya, layin jira kuwa na shekaru ne. Fiye da rabin Inuit na yankin a cunkushe suke zaune. Akwai gidajen da ake kwana bi da bi. A irin wannan sanyi ba a kwana a waje, saboda haka marar gida ba a ganinsa a titi, yana kan kujerar falon ɗan'uwansa. A 2022 gwamnatin yankin ta ɗauki alkawarin gidaje 3,000 kafin 2030.

Inda mutum goma ke shaƙar iskar ɗaki guda da tagogi a rufe wata takwas, tarin fuka ya samu wurin zama. Yawan masu kamuwa da shi a cikin Inuit ya ninka na sauran haifaffun Kanada da ba 'yan asalin ƙasa ba kusan sau 300. An ayyana ɓarkewarsa a Pangnirtung a Nuwamban 2021. Cutar tana da nata tabon na tarihi. A shekarun 1950 jirgin gwamnati C.D. Howe kan zo ya ɗauki hoton ƙirjin mutane, wanda aka ga alama a jikinsa ba a barinsa ya sauka ko sallama ya yi, sai asibitocin kudu irin na Hamilton. Da yawa sun mutu can, aka binne su ba tare da an gaya wa danginsu inda kabarin yake ba. Firaminista Justin Trudeau ya je Iqaluit a Maris 2019 ya nemi gafara, har yanzu kuma ana taimaka wa iyalai neman kaburbura. Duk wanda ya san wannan ba zai yi mamakin dattijon da ke ɗari-ɗari da zuwa gwaji ba.

Asibiti ɗaya ne cikakke a duk yankin, a Iqaluit. Sauran garuruwa ɗakin shan magani ne da ma'aikatan jinya, waɗanda da yawansu na 'yan makonni ne daga kudu. Ciwo in ya yi tsanani sai jirgi zuwa Ottawa, Winnipeg, Yellowknife ko Edmonton, in yanayi ya bari jirgin ya sauka. Mai juna biyu a yawancin garuruwa kan bar gida saura kamar wata guda ta haihu, ta je ta jira a masauki cikin baƙi. Tsoffin da ke buƙatar kulawa ta dindindin an sha kai su Ottawa, inda mai ba su abinci ba ya jin harshensu. Ga kuma kisan kai tsakanin matasa, wanda ya kai gwamnatin yankin ta ayyana shi a matsayin annoba a 2015. A garin mutum ɗari biyar babu mamacin da ba ɗan'uwan kowa ba.

Ruwa kuwa a yawancin gidaje tanka ce ke kawowa ta zuba a tankin gida, wata motar ta zo ta zuƙe na bayan gida. In guguwar dusar ƙanƙara ta kwana uku, motoci ba sa fita, sai a yi ta tsimi. Iqaluit da ke da famfo a wasu unguwanni ita ma ta ga nata. A farkon Oktoban 2021 mutane suka yi ta cewa ruwansu na warin mai, hukuma ta ce gwaji bai nuna komai ba. Ranar 12 ga wata aka dawo aka ce kada kowa ya sha: mai ya shiga tankin matatar ruwa. Mutane suka ɗauki jarkoki suka nufi kogin Sylvia Grinnell cikin sanyi, aka kawo sojoji da injin tace ruwa, ba a ɗage dokar ba sai 10 ga Disamba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hancin mutanen gari ya riga ɗakin gwaji.

Abin da ke riƙe da gari

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka zaman baƙin ciki ake yi, alhali ba haka garuruwan suke a idon masu su ba. Kusan kowane gari yana da ƙaramin gidan rediyonsa, kuma shi ne dandali. Mutum zai bugo waya ya ce ya kamo sil, duk mai so ya zo da roba. Wata ta yi cigiyar ɗanta, wani ya faɗi inda ƙanƙara ta yi rauni, dattijo ya yi rabin awa yana faɗa kan yaran da ke yawon dare. Ƙungiyar mafarauta ta kowane gari tana da babbar firiza inda ake ajiye nama don tsoffi da gidajen da ba su da mai fita daji. Yaron da ya yi kamunsa na farko ba ya ci shi kaɗai, rabawa ake yi. In an yi babban kamu sai a shimfiɗa kwalaye a ƙasan zauren gari, a zube nama daskararre, kowa ya durƙusa da wuƙarsa. Lokacin Kirsimeti, a tsakiyar duhu, ana kwashe kwanaki ana wasanni da rawa har asuba, da kiɗan akodiyon da suka koya wurin Turawan Scotland masu farautar manyan dabbobin teku.

Suna ma wata igiya ce. Jariri kan ɗauki sunan wanda ya rasu, ya kuma gaji matsayinsa a bakin dangi, har uwa ta riƙa kiran 'yarta “mama” don sunan mahaifiyarta ta ci. Bahaushen da ya tashi cikin su Abba da Ummi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mutanen Igloolik sun taɓa kaɗa ƙuri'a har sau biyu a shekarun 1970 suna ƙin a kawo musu talabijin, don babu shiri ko ɗaya da harshensu. Sai a 1983 suka yarda. Daga garin ne Zacharias Kunuk ya fito, wanda ya sayar da sassaƙe-sassaƙensa a Montreal a 1981 ya sayi kyamara, bayan shekara ashirin fim ɗinsa Atanarjuat, da harshen Inuktitut zalla, ya ci kyauta a bikin Cannes na Faransa. Harshen na da ƙarfi a ƙananan garuruwa, yana ja da baya a manya, kuma makaranta ba ta taimaka sosai, tunda yawancin malamai daga kudu ake ɗauko su. Dokar 2020 ta tura wa'adin kammala koyar da harshen a dukkan azuzuwa har zuwa 2039.

Iqaluit, mai mutum 7,429 a ƙidayar 2021, ta zama garin baƙi: direbobin tasi, ma'aikatan jinya da na gwamnati daga Afirka, Asiya da ƙasashen Larabawa. A Fabrairun 2016 Musulmin garin suka buɗe masallaci, daga baya suka kafa wurin rabon abinci wanda galibin masu amfana da shi Inuit ne. In azumi ya faɗo a watannin da rana ke kai awa ashirin ba ta faɗi ba, wasu kan bi lokutan wani gari na kudu.

Wa ke yanke shawara

An kafa Nunavut ranar 1 ga Afrilu 1999, bisa yarjejeniyar ƙasa ta 1993. Majalisarta mai kujeru 22 ba ta da jam'iyyu. 'Yan majalisa ne ke zaɓar firimiya da ministoci a tsakaninsu. A 2016 aka tambayi garuruwa ko a fara sayar wa mutane filayen gari su mallaka, kowane gari ya ce a'a.

Ƙaramin garin Clyde River ya nuna iyakar abin da mutum dubu za su iya. A 2014 hukumar makamashi ta ƙasa ta ba wasu kamfanoni izinin neman mai a tekun da ke gabansu ta hanyar harba ƙara mai ƙarfi cikin ruwa. Tun kafin a ba da izinin, mafarauta sun tambayi abin da ƙarar za ta yi wa narwal da sil. Amsar ta zo cikin takarda mai shafi sama da 3,900, mafi yawanta ba a fassara ba, kuma intanet ɗin garin, da ke bi ta tauraron ɗan'adam, ba ya iya sauke ta. Magajin garin, Jerry Natanine, ya kai ƙara, da taimakon Greenpeace, ƙungiyar da ta taɓa jagorantar yaƙi da farautar sil. A Yulin 2017 Kotun Ƙolin Kanada ta soke izinin, ta ce wannan ba tuntuɓa ba ce.

Rigimar ma'adinan ƙarfe na Mary River ta fi wannan sarƙaƙiya, don a nan mutanen gari ne suka rabu. Kamfanin Baffinland ya nemi ninka abin da yake fitarwa daga tan miliyan 6 zuwa 12 a shekara, da layin dogo, da ƙarin jiragen ruwa ta mashigar da narwal ke taruwa. Ɗaruruwan Inuit na cin abinci a kamfanin, a yankin da aiki ke wuya. A Fabrairun 2021 wasu mafarauta daga Pond Inlet da Arctic Bay suka hau baburansu na ƙanƙara suka je suka tare filin jirgin ma'adinan na kusan mako guda. A 2022 hukumar tantance muhalli ta yankin ta ba da shawarar a ƙi, ministan tarayya ya bi shawararta. Wasu gidaje sun yi murna, wasu sun yi lissafin albashin da zai iya tafiya.

A Janairun 2024 aka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa wa Nunavut ikon filaye da ma'adinanta daga hannun Ottawa, wadda za ta fara aiki a Afrilun 2027. Firimiyan da ya sa hannu, P.J. Akeeagok, a Grise Fiord ya tashi. Sai dai ofisoshin da za su karɓi wannan iko suna buƙatar masana ƙasa, lauyoyi da akantoci. Yarjejeniyar 1993 ta ce yawan Inuit a aikin gwamnati ya dace da yawansu a yankin. Ƙungiyar Inuit ta yankin ta kai gwamnatin tarayya kotu a 2006 kan rashin cika wannan da wasu alkawura, aka sasanta a 2015 kan dala miliyan 255, mafi yawan kuɗin don horar da ma'aikata. Duk da haka shekara da shekaru adadin na tsaye a wajen rabi, kuma ya fi ƙanƙanta a manyan kujeru.